Wayar Da Ta Yi Ƙara A Cikin Durowar Ɗalibina

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da ajiye aiki ba, bayan shekaru masu yawa ina shugabancin wata firamare a Malumfashi. Ina da gonar masara a wajen Dayi, ina da ɗan fanshona, ina kuma da wata ɗabi'a da abokaina ke yi mini dariya a kanta: tara tsofaffin kan sarki, irin waɗanda ake liƙa wa ambulan. Wajen mahaifina na gada. Shi marubucin wasiƙa ne a bakin gidan waya, duk ambulan da ya faɗo hannunsa sai ya jiƙa shi ya ɓamɓare kan sarkin ya adana a littafi. Da ya rasu na ci gaba da cika littafin.

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu magidanci ne mai shagon kayan waya a Funtua, shi ya sa ni cikin wani zaure na waya inda yake gwanjon irin waɗannan kaya. Yakan sa hoton kan sarki da safe, a yi ta tayi, wanda ya fi kowa kafin la'asar shi ke ɗauka. Da farko na samu abubuwa masu kyau da araha. Daga baya wani mutum ya ɓullo, wanda ɗalibin nawa ya ce wani Alhaji ne attajiri mazaunin Legas. Duk abin da na taya sai ya ɗora kaɗan a kai. In na ƙara, ya ƙara. Sai farashi ya ninka ya sake ninkawa, sannan ya yi shiru ya bar mini. Ni kuma in kama murna wai malamin makaranta ya kayar da attajiri. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa mai kuɗi irinsa bai taɓa cin gwanjo ba.

Da damina ta kama, aka sa wani kan sarki na zamanin Turawa mai hoton buhunan gyaɗa, wanda na daɗe ina nema. Alhaji ya biyo ni kamar yadda ya saba. Kafin la'asar na cusa kuɗin takin da na ware wa gona. Maiɗakina ta ce mini in tuna masara ba ta jiran kowa, na ce mata ba ta san darajar abin ba.

Washegari na shiga mota zuwa Funtua na biya, na karɓa. Ina zaune a shagon cikin farin ciki, sai na ga ya kamata in kira Alhajin nan in gaishe shi, in ba shi haƙuri, tunda ba kullum ake samun mai son abin da kake so ba. Na ɗauko lambarsa daga zauren na buga. Sai wata waya ta fara ƙara a cikin durowar da ke gaban ɗalibina. Na kashe, ta yi shiru. Na sake bugawa, ta sake yin ƙara. Na ɗago na dube shi, ya kawar da kai ya ce wai wayar wani ce aka kawo gyara. Na ce ya fito da ita mu gani. Ya rage murya ya ce don Allah Malam kada in ba shi kunya a gaban masu ciniki. Ni ne na riƙe hannun mutumin nan na koya masa rubuta sunansa. Kafin motarmu ta iso Malumfashi an cire ni daga zauren.

Na kai kuka wajen wani dattijo da ya san mu duka. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ba ni da shaida, kuma ba wanda ya tilasta mini tayi, in bar wa Allah. A shekarar masarata ta yi rawaya tun ba ta kai ƙugu ba, abin da na girbe bai kai mu rani ba. Maiɗakina ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ta rage awo, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Shi kuma ɗalibin nawa har gobe in mun haɗu wajen ɗaurin aure sai ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, dole in amsa. Ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba.

Abin da na gane shi ne ba kan sarki nake saye ba, girman kaina nake biya wa kuɗi, kuma wanda ya san ni ciki da waje shi ya gano hakan. Duk mai shiga gwanjon waya, ya yanke iyakar abin da zai biya tun kafin a buɗe tayi, in an wuce ya janye hannunsa. Abokin tayin da kullum yake bin ka amma bai taɓa saye ba, nemi jin muryarsa tun kuɗinka na aljihunka. Ni sai da na biya sannan na buga.