Mai Faci Ya Face Ciyawa

Shekara talatin da takwas Mai Faci ya yi a bakin titi, shi da daron ruwa da injin ba da iska. Aikinsa bai taɓa sauyawa ba: ya tsoma tub ɗin taya a ruwa, ya ƙura ido, inda kumfa ta taso nan abokin gaba yake. Ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura, ya manna. Tun yana yi don a ci abinci har abin ya koma masa aƙida. A wurinsa duk huji laifi ne, kuma wani ne ya aikata shi. Matarsa ta daina barin kwandon tace shinkafa a fili tun ranar da ta same shi yana jujjuya shi yana tsaki.

Da ciwon baya ya raba shi da titi, sai ya dawo ya tare a gidan da ya gina da kansa, bulo bayan bulo. Ɗaki uku ne, sai kicin can a ƙarshen filin baya, taku goma daga ƙofa. Taku goman nan su ne masifar gidan. Ƙasar wurin yumɓu ce zalla. Da rani ta tsattsage kamar faso, da damina kuwa ba ta shan ruwa, sai dai ta riƙe shi kamar mai kurkure baki.

Maƙwabcinsa Tela, wanda dogo ne har haɓarsa na kaiwa kan katanga, ba ya gajiya da tambaya.

"Mai Faci, na ji an ce bayan gidan naka har yanzu ruwa-ruwa ne. In kawo jiƙo?"

"Kawo wa kakarka."

Ya zuba fasassun bulo, yumɓu ya haɗiye. Ya jera tsofaffin tayu, sauro ya gode. Ya ɗora katako, kuma a kan katakon nan ne matarsa ta zame da tukunya a hannu, wuyan hannunta ya karye.

'Yarsu ta fari, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta, ta zo da takalmin asibiti a ƙafa, ba ta ko zauna ba.

"Baba, magana ɗaya ce. Zan turo mai gyara. In damina ta sake kwanciya a filin nan, na kwashe ku zuwa wurina, a rufe gidan."

"Bene hawa na uku? In zauna kamar tattabara?"

"Tattabara ba ta karya hannu."

Wanda Nas ta turo mai ciyawar roba ne, ya zo da ma'aikatansa. Suka kwashe yumɓu taƙi guda, suka yi ɗan gefe da bulo, suka zuba tsakuwa, suka bi da yashi, suka daddaɓe har filin ya ɗaga sama da yadda yake, ya ɗan karkata wajen kwata. Sannan suka warware ciyawar roba, koriya shar, kamar an wanke ta.

"Ruwa ba a faɗa da shi, Baba," in ji mai ciyawa. "Hanya ake ba shi. Ya bi ta ciyawa, ya shiga tsakuwa, ya gangara abinsa."

"Ni za ka koya wa ruwa? Ina aiki da ruwa tun ba a yaye ka ba."

Mai ciyawa ya ce a bar shimfiɗar kwana biyu ta sha rana ta miƙe, zai dawo ya kafe gefunan. Ƙafarsa na fita, Mai Faci ya ɗaga kusurwa ɗaya don ya duba kaya, kamar yadda ya saba. Sai ya yi salati.

"Ke! Zo ki ga cuta da rana tsaka!"

Matar ta leƙo, hannu rataye a wuya. Bayan ciyawar baƙi ne, kuma a jere, layi-layi, ga ƙananan huji har iya ganin ido.

"Malam, anya ba haka aka yi ta ba? Ka ga fa a jere suke."

"Ɓera ma in ya samu wuri a jere yake ci. Sun ga mace ce ta aiko su, suka kawo mata ragowar kanti."

"To ka kira mutumin mana."

"In kira shi ya ce me? Ga mai aikin a gida?"

Ya fito da akwatin aikinsa. Ya kife ciyawar, ya durƙusa, bayan nasa da aka ce ya mutu sai ga shi ya farfaɗo. Da farko huji ɗaya, faci ɗaya. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya koma yanka tsofaffin tub dogo-dogo yana bin layi. Kwana biyu unguwa na warin sholisho. Rabon matarsa da ta ji yana waƙa tun yana bakin titi. Ya mayar da shimfiɗa yadda take, mai ciyawa ya dawo ya kafe gefe, bai ɗaga ba, ya tafi.

Ruwan farko ya sauko bayan azahar. Mai Faci ya ja kujera bakin ƙofa don ya kalli nasara. Ruwa ya sauka a kan ciyawa, ya nemi hanya ƙasa, ya tarar an rufe. Ya taru, ya cika gefen bulon nan kamar faranti, ciyawa ta nutse tana kore daga ƙarƙashi. Da yake yanzu filin ya fi dokin ƙofar kicin tsawo, can ruwan ya nufa. Murfin tukunya ya fito yana yawo.

"Sannu da kafa tafki!" Tela ya ɗaga murya daga kan katanga, da buhu a ka. "Yaushe za a zuba kifi?"

Washegari Nas ta zo tare da mai ciyawa, fuskarta ba annuri. Mutumin ya rantse ya maya, ya ce bai taɓa ganin haka ba. Ya zare ƙusoshi, ya ɗaga kusurwa, ya ga faci layi-layi, ya ce:

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Aikin ya yi ko bai yi ba?"

"Ya yi. Wallahi ko ɗigo bai wuce ba."

"To ka ji."

"Baba," in ji Nas a hankali, irin muryar da take yi wa majinyaci mai taurin kai, "hujin nan su ne maganin. Su muka saya."

Mai ciyawa ya sa farce zai ɓamɓare faci ɗaya. Mai Faci ya buge masa hannu.

"Kada ka wahalar da kanka. Facina ba ya tashi."

Gaskiya ya faɗa, bai tashi ba. Nas ta haɗa kayan uwarta a jaka biyu. Ta ba uban wa'adi zuwa ruwa na gaba: in ƙasa ta tsane, gida ya tsira, in ba haka ba, ta tanadar masa kujera kusa da taga.

Haka Mai Faci ya durƙusa da guduma da ƙusa mai tsini, yana huda aikin hannunsa, huji bayan huji, kowanne da tsakinsa. Tela ya jingina da katanga yana kallo.

"Ashe ka iya. Dama mun daɗe muna zargin wanda ke watsa ƙusa a titin nan."

Ruwa na biyu ya zo da ƙarfi. Ya sauka, ya shige, ya fita ta kwata ko sallama babu. Mai Faci ya taka har kicin da silifas, ya dawo, ƙafa a bushe. Nan take ya kira matarsa a waya.

"Ke, ya tsane. Ki ce Nas ta kawo ki."

"Madalla, Malam. Gida ya tsira."

"To yaushe?"

"Ka bari a yi ruwa na uku mu gani. Nan fa kicin a cikin ɗaki yake, taku biyu. In za ka yi girki, akwai ashana a saman taga, in ba ta jiƙe ba."