Zauren da Kakana Ya Gina

Shekarar da na je karatu Kadif, wani birni a ƙasar Wales, hanyata ta zuwa makaranta takan bi ta gefen wata tsohuwar coci kusa da kasuwa. Wata uku ina ganin wani dattijo a kan tsani yana gyaran bakin taga ɗaya. Rannan na tsaya na tambaye shi abin da ya hana shi zuba siminti ya huta.

Ya sauko yana dariya. Ya ce ginin yana cikin waɗanda doka ta sa a sahun farko, ko ƙusa ba a buga masa sai hukuma ta yarda. Dole ya kwaɓa farar ƙasa yadda maginan farko suka kwaɓa, ya nemo dutse irin nasu. Sai ya ce, "Ku a garinku wa ke kula da tsofaffin gine-gine?"

Na ce, "Mu da kanmu, kafin ruwa ya sauka."

Ban kai makaranta ba sai da zauren gidanmu ya faɗo mini a rai. Kakana magini ne a wani ƙauye kusa da Gatawa, shi ya gina shi tun kafin a haifi mahaifina. Da kansa ya zaɓi giginyar da aka tsaga azara, ya ɗaure rufin da bakuna huɗu, wato ginin da ake lanƙwasawa kamar baka ya riƙe rufi, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Kowace bazara gida duka kan fito yaɓe. Mata su kawo ruwa, maza su taka ƙasa da ciyawa, shi kuma yana sama yana gyara indararo, yana faɗa in an yi ha'inci. Makiyaya in sun shigo gari nan suke jingine sandunansu su sha inuwa. Ko a tsakiyar zafi, cikinsa kamar randa.

Bayan la'asar na kira Baffa a waya, ƙanen mahaifina, wanda ya koma garin Isa da iyali tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen.

"Baffa, ina labarin zaure?"

Ya ce, "Ɗana, damina biyu ke nan ba a yi mai yaɓe ba. Wanda ya shiga ƙauyen ɗauko hatsi ya ce gefen gabas ya zube."

"In na dawo za ni gyara shi."

"Allah shi kawo ka lahiya. Amma wa ya san ɗaurin wanga rufi yanzu? Tsoho, kakanka, ya tahi da abinai."

Da na dawo, iyakata Isa. Baffa ya hana ni wucewa, ya ce hanyar ba ta biyuwa. Muna zaune a ƙofar gidan da aka sauke su, na roƙe shi ya nuna mini yadda rufin yake. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana baka na farko, da na biyu, da na uku, ina kwafewa a takarda. Da ya zo na huɗu sai ya tsaya. Ya ja layi ya goge, ya sake ja ya goge.

"Shekara hamsin ina zama ƙarƙashinai," in ji shi, "ban taɓa ɗaga kai na duba da kyau ba."

Har aka kira magariba tsinken yana hannunsa, bai zana na huɗun ba.