Ta Cinya Aka Toshe Mini Jijiyar Kai

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe mini.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin dawa, ina kwance ƙarƙashin tarakta a wata gona a Gadambaliya, nan Sudan, ina gyara. Sai na ji kamar an maka mini guduma a ƙeya. Na yi amai, wuyana ya sandare.

Na ce rana ce ta buge ni. Mai gonar, Hajj Adam, wanda ke kirana usta, wato makaniki, ya ce, "Usta Haruna, shekara nawa kana aiki cikin ranar nan? Wannan ba rana ba ce." Ya sa ni a mota sai Gadarif.

A mustashfa, wato asibiti, aka ɗauki hoton kaina. Daktor ya ce wata jijiya ce ta kumbura a ƙwaƙwalwata, ta tsage, jini ya zuba. "In ta sake fashewa, ba lalle ka tashi ba. Yau za ku wuce Khartum."

Matata Sa'adiyya ta sayar da awarwaronta na zinariya don kuɗin magani. Inna ta shiga motar asibitin da ƙarfi, tana cewa, "Ba mai fasa wa ɗana kai."

A Khartum daktora ta kwantar wa Inna da hankali, ta ce ba yanka za a yi ba, gastara ce. Za a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin kai, a cusa zaren ƙarfe mai laushi ya cike kumburin, jini ya daina shiga.

Inna ta ce, "Ciwo a kai, magani ta cinya?"

Na yi dariya, amma da na zo sa hannu a takarda, sai dariyar ta ɗauke. An gaya mini ƙila in farka ban iya magana ba.

Na farka. Ƙafata a miƙe, an hana ni lanƙwasa ta. Na yi sati biyu a inaya, ɗakin kulawa ta musamman, ana ba ni ƙwaya duk bayan awa huɗu, ana tambayata sunana da ranar da muke ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne 'yata ta zo, na gane fuskarta, sunan ya ƙi fitowa. Sai a kwana na tara na ce, "Maryam, ba ni ruwa." Ta saki kofin ta fashe da kuka.

Yanzu na koma aiki rabin yini. Har yau ina saurin gajiya.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Hajj Adam, da likitocin, da iyalina.

Duk wanda ciwon kai ya dirar masa farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, kada ya sha magani ya kwanta, a kai shi mustashfa nan take. Ku bar sigari, ku riƙa auna jininku.

Shekara uku na san ina da hawan jini. Ƙwayoyin na cikin akwatin kayan aikina, ko buɗe su ban yi ba. Kada ku yi irin nawa.