Taken Ilu a Mahautar Matameye

Cikin dukan ranakun kasuwar da na yi aiki a mahautar Matameye, akwai guda da har yau ta ƙi barin zuciyata, ranar da na ɗaga hannu da kaina aka kaɗa sunan wani a kan aikina. Kun ce in ba ku labarin aikin da, ku da kuka zo kuka tarar da kome a gyare. To wannan zan ba ku, ko da yake ba ni aka yaba a cikinsa ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama ba, ba a jima da ɗauke babban gari daga Damagaram an mai da shi Yamai ba. Likitan dabbobin da ke kula da mu Bafaranshe ne, yana zaune a Damagaram, mu muna ce masa Mushe Mai Tabarau, mushe na Faransanci, wato maigida, ba mushen dabba ba. Mutum biyu ya koya wa aiki ya ajiye a Matameye, ni Sule, da Ilu mutumin Kurni. Matsayinmu ɗaya, masu allura ake ce mana. Sama da mai allura akwai anfirme, shi ne shugaban wuri, shi ke da hatimi da rigar kaki da doki. A Matameye babu anfirme tukuna. Mushe ya ce in bazara ta yi zai zo ya zaɓi ɗaya cikinmu, kafin nan hatimin na hannunmu mu biyu.

Ga yadda aikin yake. Ranar kasuwa da sassafe mu je mayanka, mu duba dabba tana tsaye, ido da hanci da baki da yadda take tafiya. In an yanka an feɗe, mu tsaga huhu da hanta da zuciya, mu duba ƙarƙashin harshe. Naman da ya fita lafiya a buga masa hatimi da shuɗin tawada a cinya da kafaɗa. Wanda bai fita ba a zuba masa kananzir a binne a rami. Mahauta kuwa suna da al'adarsu tun kakanni: ba a sanin an yi yanka sai makaɗinsu ya saki kalangu, gari ya ji ya fito. Sai Mushe ya kafa doka cewa kalangu ba zai yi magana ba sai mai dubawa ya gama ya ɗaga hannu. Sarkin Fawa Nomau ya yarda, Gambo makaɗi ma ya yarda.

Ba yabon kai ba, na fi Ilu ido, na fi shi hannu. Shi kansa ya sani. In ya ga abin da ya shige masa duhu a hanta, ni yake kira. Abin da ya fi ni shi ne baki. Ilu dogo ne mai murya, mai dariya, ya san sunan uwar kowane mahauci, kuma ba ya wuce tsohuwa bai tsokane ta ba. Ni kuwa in na sunkuya a kan huhu ko gaisuwa ba na ji.

Wata ranar kasuwa da kaka wani attajiri, ba sai na faɗi sunansa ba, ya kawo bijimi a yanka masa a sayar. Dabba ta yi kyau a ido. Da na tsaga huhu sai na ga ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri, ga ruwa rawaya. Na matsa kusa da Ilu na ce masa a kunne, "Wannan ba ya ciwuwa." Attajiri ya taso da faɗa, barorinsa suka kewaye mu, ɗaya har da sanda. Ni na tsaya riƙe da wuƙa ina neman kalmar da zan faɗa. Ilu ya ɗaga huhun nan sama, jama'a na gani, ya ce da ƙarfi, "Maigida, ga shi nan. In ka yarda a dafa maka ka fara ci a gabanmu, ni da hannuna zan buga hatimi." Kasuwa ta ɗauki dariya. Attajiri ya juya ya tafi, aka binne bijimi.

A nan take Gambo ya matse kalangu a hammata ya yi wa Ilu take. Abin da kiɗan ke cewa shi ne, Ilu na Kurni, ido cikin hanta, in ka ce a ci sai a ci. Daga ranar duk sa'ad da muka ɗaga hannu, da wannan taken Gambo ke buɗe kasuwa. Mata a cikin gida suka haddace shi. Ba a yi wata nawa ba, ya zamana in an ji taken Ilu an san an duba nama.

Wallahi na ji zafi. Ni na ga ciwon, shi aka kaɗa wa. Kowace ranar kasuwa ina tsugune hannuna dumu-dumu da jini, ina jin sunansa na yawo bisa rumfuna, shi kuwa yana ɗaga wa mutane hannu. Na taɓa yi wa Gambo zancen a fakaice, na ce ai mu biyu ne muke aikin. Ya ce, "Malam Sule, kalangu abin da ya gani yake faɗi. Ranar nan kai raɗa ka yi, raɗa kuwa ba ta shiga fata." Ban sake tayar da maganar ba. Na dai sa wa raina cewa Mushe ba ya jin kalangu, aiki yake dubawa, in ya zo zai ga wanda ya iya.

Bazara ta yi, zafi ya kai inda ya kai. Ana gobe kasuwa sai manzo ya zo daga Yauri, wani gari nan kusa da mu, wai shanu na mutuwa a wata ruga. Dole ɗayanmu ya je. Ilu ya ce shi zai tafi, ya san Fulanin wurin, ya hau jaki ya kama hanya bayan la'asar, mutane kaɗan ne suka ga fitarsa. Da yammar nan kuma Mushe ya iso daga Damagaram da tafintansa, ya sauka a masaukin baƙi da ke bayan kasuwa. Da na ji haka sai na ce Allah ya kawo ranata. Ga mai zaɓe ya zo, ga mahauta duka a hannuna ni kaɗai.

Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin na safiyar nan ba. Mushe ya zo ya tsaya a kaina yana kallo, na tsaga, na duba, na ware hantar tunkiya guda mai tsutsa, sauran duka na buga hatimi. Ya gyaɗa kai, ya ce wa tafinta ya gaya mini hannuna na da kyau. Sa'an nan ya koma masauki saboda rana. Kafin in ɗaga hannu na ja Gambo gefe na ce, "Yau mai taken ba ya nan. Kiɗan fawa kawai za ka yi." Ya ce to.

Gambo ya saki kiɗan fawa. Muka jira. Hantsi ya yi, kasuwa ta cika, amma layin mahauta ba kowa sai ƙudaje. Ashe labarin mutuwar shanun Yauri ya riga ya zaga gari, da mutane suka ji kalangu babu taken Ilu sai suka ce Ilu ya ƙi naman. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta zo wucewa, na tare ta na nuna mata hatimi. Na ce, "Iya, ga shaida, an duba." Ta leƙa, ta ce, "Ɗana, wannan ai shuni ne. Shuni ko ni ina da shi a gida." Ta yi gaba.

Rana ta take. Naman da ke rataye ya fara baƙi a gefe, mahauta na ta kora ƙuda da reshen ganye, suna satar kallona. Yankan ranar kasuwa ba ƙarami ba ne, wasunsu duk abin da suka mallaka ne ke rataye a wurin. Gambo ya ga halin da nake ciki, ya ce, "Bari in yi maka naka, Malam Sule, mu gani." Ya ɗan taɓa fata, ya lalubo, sai ga shi: Sule mai shiru, wuƙa ta san hanya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Abin da na daɗe ina so ke nan, ga shi ya zo. Na miƙe tsaye sosai, har na gyara hula. Gambo ya zaga da shi bakin rumfuna ya dawo. Mutum ɗaya ne ya biyo shi, wani mai kaji, ya zo tambaya ko suna ake yi a gidan Sarkin Fawa.

Sai Sarkin Fawa Nomau ya taso da kansa, tsoho ne mai nauyi, ya zo ya tsaya kusa da ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Malam Sule, ko kilishi ba zai cinye wannan naman ba. Ka bar yaron nan ya kaɗa abin da gari ya sani."

Na ce, "Sarki, Ilu bai ga naman nan ba. Ni na gan shi."

Ya ce, "Mun sani. Mu mun san wanda ke gani tun ba yau ba. Amma masu saye ba su sani ba, kuma rana ba za ta jira su koya ba. Gambo ya ce ba zai kaɗa ba sai da yardarka, doka a hannunka take."

Na dubi wajen masauki. Taga a buɗe, Mushe na zaune a ciki, tafinta na bakin ƙofa, tafintan kuwa Bahaushe ne, ya san abin da kalangu ke faɗi. Na dubi naman. Lafiyarsa lau, ni na san haka fiye da kowa, kuma in ya kai la'asar a haka ni ɗin nan ne zan zuba masa kananzir. Na juya wajen Gambo. Sa'an nan na ɗaga hannu.

Gambo bai kai ƙarshen taken ba mutane suka fara ɓullowa ta kowane lungu. Kafin azahar ta wuce babu abin da ya rage sai ƙashi da ƙaho. Dattijuwar nan mai daddawa ma ta dawo ta sayi kayan ciki, tana cewa ai ta san Ilu ba zai bar su su ci cuta ba. A gabana ta faɗa, ni na miƙa mata ganyen da ta ƙunshe.

Da yamma Mushe ya kira ni. Tafinta ya riga ya fassara masa kome. Ya ce aikina ba shi da aibi, zai faɗa a Damagaram. Amma hatimi, in ji shi, ba ya da amfani in mutane ba su yarda da shi ba, mutumin da sunansa ke sayar da nama alhali yana wani gari shi ya kamata ya riƙe wuri. Na ce, "To, Mushe."

Ilu ya dawo bayan kwana biyu, duk ya yi baƙi da rana. Da ya ji abin da ya faru sai ya zo gidana, ya tsuguna ya ce, "Yaya Sule, wai na yi aiki ranar kasuwa ban sani ba. Wallahi in Mushe ya dawo zan gaya masa kai ne idon." Kuma ya gaya masa, ba a canza kome ba. Wannan kirkin nasa shi ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na samu abin riƙewa. Shekaru na yi a ƙarƙashinsa, yana bisa doki da rigar kaki yana ce mini Yaya, bai taɓa buga hatimi a kan abin da na ce a'a ba. Na ci abinci a gidansa, na je sunan 'ya'yansa, ranar da ya rasu ina cikin masu ɗaukar makara, na yi kuka na gaskiya. Duk da haka kishin bai fita ba, kuma ba zan ce muku ya fita ba.

Bayansa aka ba ni hatimi. Na riƙe shi har na ajiye aiki, ɗan Gambo na kaɗa taken Ilu a kan kowane naman da na duba, ban hana ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu in ka yi daidai babu abin da ke faruwa. Ba wanda ya kwanta, ba wanda ya mutu, don haka ba wanda ya san ka yi wani abu. Mutane ba sa iya leƙa cikin huhu, dole su riƙe wani suna su ci abinci da shi, kuma ba lalle ya zama naka ba. In kuna jiran a kaɗa muku, ku nemi wata sana'a tun da ƙuruciya.

Kiɗan nan da kuka ji da safen yau da kuka gama dubawa, na ga ɗayanku har yana rausaya kai. Ba kiɗan fawa ba ne kawai, sunan mutum ne. Ku ma Ilu kuke yi wa aiki.