Tambayar da Baba ya yi wa Bajamushe

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun 1960, ina ajin farko na sakandare a Makka, Baba ya yanke shawarar cire ni daga makaranta. Sana'arsa dafa abinci ce, shinkafa da nama, yana da ɗan shago a unguwar Jarwal, ranar Arfa kuma ya kwashi tukwanensa ya tafi can. Ƙafafunsa sun fara ciwo, ni ne babban ɗansa. Ya ce da an gama aikin Hajji, halas, shi ke nan, in ajiye littafi in kama ludayi. Na yi kuka a ɓoye, don ina son karatun nan kamar raina.

Kamar kowace shekara, mun ba alhazai hayar ɗakunanmu mun koma saman soro. Cikin baƙin akwai samari biyu sa'o'ina da suka zo tare da iyayensu. Ɗaya mahaifinsa ɗan Yaman ne mai shago a Amurka, ɗayan kuma mahaifinsa ɗan Siriya ne mai aiki a masana'antar motoci a Jamus. Duk suna jin Larabci, ko da yake na Ba'amurken a karye yake. Nan da nan muka saba, na laƙaba musu Ba'amurke da Bajamushe.

Ni mai wayo, sai na shirya dabara. Bayan la'asar Baba kan zauna shan shayi a saman soron, sai na jawo su na tsokano zancen makaranta, don ya ji yadda 'ya'yan wasu ke karatu, ko ya ji kunya.

Ba'amurke bai ba ni kunya ba. Ya ce a wurinsu idan aka kaɗa ƙararrawa ɗalibai ne ke kwasar littattafai su bi malami ɗakinsa, kowa kuma yana da ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango. A makaranta suke cin abincin rana, su buga ƙwallo, da yamma ya wuce shagon mahaifinsa. Ɗan mai shago da ɗan likita duk makaranta ɗaya, har su gama. Baba ya yi dariya ya ce, "Wato malami na zaune yara na yawo? To wa ke koyar da wa?"

Bajamushe yaro ne mai sanyin magana. Ya ce su a aji ɗaya suke zama shekara da shekaru da abokai ɗaya, malamai ne ke zuwa musu. Da rana a tashe su kowa ya je gida ya ci abinci, amma har Asabar suna zuwa. Sai ya ƙara da cewa tun yaro yana ɗan shekara goma ake raba hanya: wasu makarantar da ke kai mutum jami'a, wasu wadda ke kai shi koyon sana'a.

Baba ya ajiye kofin shayi, ya juyo gare ni da Hausa ya ce, "Ka ji mutane masu hankali ko? Tun da wuri kowa ya san inda ya dosa." Da hannuna na kawo wa Baba hujja har saman soro.

Sai ya koma Larabci ya tambayi yaron, "Kai ya waladi, ɗana, wacce aka sa ka?"

"Ta sana'a, ya ammi."

"Tayyib, to. Ita kake so?"

Yaron ya daɗe yana juya kofi a hannunsa. Ya ce, "Likita na so zama. Lokacin da aka raba mu ban daɗe da zuwa ƙasar ba, ban iya yarensu sosai ba. Yanzu na iya, amma an riga an raba." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni sai kai."

Aka kira magariba muka sauka.

Ranar Arfa na yi aiki kamar jaki, ina ɗaukar ruwa ina wanke faranti, na riga na sallama. Bayan alhazai sun watse, wata safiya na riga Baba zuwa shago na fara hura wuta. Ya zo ya tsaya a kaina, ya karɓe maficin daga hannuna.

"Yau ba madrasa ne?"

Na ce, "Baba ai ka ce..."

"Na san abin da na ce. Ka je, in an tashi ka zo ka taya ni." Ya durƙusa da ƙyar a gaban murhu, bai dube ni ba ya ce, "Ina ɗan shekara goma aka kamo hannuna daga Kano, muka bi ta Cadi da Sudan a ƙafa. Ni ma ba a tambaye ni ba."

Shekara uku ya ƙara yana tsayuwa a kan ƙafafun nan shi kaɗai tun asuba har azahar, har na gama sakandare. Ban sake ganin Bajamushe ba, ban san ko ya samu abin da yake so ba, amma ina sa shi a addu'a. Baba kuwa, duk lokacin da na tuna yadda yake dafa bango kafin ya miƙe daga gaban murhu, har yau sai idona ya cika.