Wa Ke Wurin Ban da Kai?

Jiya na ga babbar mota ta kafe a rairayin gulbi. Warin baƙin mai da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno min da Kawu.

Kawu ba ya yarda mutum ɗaya ya ba da labarin aikin jama'a. Da ka fara sai ya ɗaga hannu: "Wa ke wurin ban da kai?"

Wata rana a rumfar mai shayi, kusa da shingen iyaka, ina ba samari labarin daminar da ruwa ya kusa tafiya da motar gero, muka jawo ta da igiya. Lokacin an rufe iyaka, ana jin haushin mutanen ƙetare, sai na ce mu 'yan Jibiya kaɗai muka yi.

Kawu ya ajiye kofinsa, ya sa aka kira wani tsohon ɗan dako, mutumin Maraɗi.

"Malam, buɗe masu hannunka."

Ga tabon igiya nan, fari, ya ratsa tafin.

"Shi ya shiga ruwa har wuya ya ɗaure ta," in ji Kawu. "Kai kana bakin gaɓa kana tsaron takalmanmu."

Aka kwashe da dariya. Tsohon ya ce, "Ƙyale shi, Alhaji, ai ko ɗaya bai ɓata ba."

Har yau a tasha, duk mai ba da labarin nan da mutumin Maraɗi yake farawa. Kawuna ne ya tsaya a kan haka.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya tara masa masu shaidar alheri daga ɓangarorin biyu.