Rumfar Albasar Kakana

Kakana marubuci ne sananne, har 'yan makaranta kan haddace waƙoƙinsa. Shekara biyu da rasuwarsa wani malami a Birnin Kebbi ya fitar da littafin tarihinsa. A babin ƙarshe ya rubuta wai tsohon ya ruɗe, iyalinsa sun gaji da shi, sun yar da shi a rumfar albasa bayan gidanmu a Argungu.

Iyalin nan kuwa Inna ce, mahaifiyata, ita kaɗai ta rage masa. Maganar ta kai kasuwa. Inna ta daina fita suna da biki, don nuna ta ake yi da baki.

Sau ɗaya mutumin ya taɓa zuwa gidanmu, bai yi awa guda ba. Ya ga tsoho makaho a tabarma cikin albasa yana magana shi kaɗai, ya tashi bai tambayi kowa ba. Kaka da kansa ya zaɓi rumfar, don iska na ratsa ta a bazara. Shi ke juya albasar, yana tsince ruɓaɓɓu da hannu da hanci, babu mai ido da ya kai shi. Maganar kuma baitoci yake tsarawa. In na dawo daga makaranta ya maimaita, ni in rubuta. Littafi shida na cika.

Na rubuta wa malamin wasiƙa, na ba direban Birni. Sai bayan wata guda amsa ta zo: wai yarinya ce ni, in bar wa masana aikinsu. Na sake rubutawa, na kwafe masa baiti biyu a ƙasa. Kwana uku amsa ta iso. Yanzu na zama ɗiyarsa, yana roƙon ya ga sauran.

Na ce ya zo. Na zaunar da shi a zaure, tsakar gida cike da matan unguwa, masu dogon bakin a gaba.

"Mi kike so, ɗiyata?"

"Ka faɗa da ƙarfi, Malam, cewa ba ka tambayi kowa ba. Inna na jin ka."

Ya faɗa. Na ce na baya ba su ji ba, ya sake. Ya rubuta, ya sa hannu, sannan ya tambayi littattafan. Na ce ya duba wasiƙuna, babu inda na ce zan ba shi.

Inna ta ce na yi rashin kunya, ta aika masa da fura. Bayan la'asar ta kira ni ɗaki in karanta mata takardar. Na karanta, ta ce in sake, a hankali.